Mu da Ba Mu Cin Alkama

Na gode wa Allah da ya tashi kafaɗun maigidana, kuma ina rubuta wannan ne don matar da ke jinyar wani a yanzu tana ba shi shayi da burodi, tana ganin gata take yi masa. Ni ma haka na yi wata da watanni.

Maigidana, Baban Nafi, direban motar haya ne tsakanin Filingue da Yamai. Ni ɗinki nake yi a zauren gidanmu. Tun da na san shi cikinsa ba shi da kirki, amma ba mu taɓa kiran abin ciwo ba. Mutum ne da in ya tsaya tashar Baleyara sai ya cika leda da fari masa, wannan soyayyen ƙullin da wasu ke kira fanke, ya barbaɗa yaji, yana tuƙi yana ci har Yamai. In ya dawo yana riƙe ciki sai in ce man suyar tasha ne, shi kuma ya ce ramukan hanya ne.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, a ƙarshen damina, abin ya tashi haiƙan. Zawo ya ƙi tsayawa. Ciki ya kumbura, sauran jiki yana ramewa, har wandon da na ɗinka masa da salla ya koma sai da igiya. Wasu ƙuraje masu ƙaiƙayi suka fito masa a gwiwar hannu, bakinsa ya yi miki. Wata rana ya tsayar da fasinjoji a daji sau da yawa har wani tsoho ya tambaye shi ko a kama masa tuƙin. Daga ranar ya ajiye makulli.

Makon farko muka je asibitin gari, aka ce zazzaɓin hanji ne, aka ba mu ordinans, takardar sayen magani. Rabin maganin babu shi a farmasi, wai yana maƙale a bakin iyaka. Mako na uku aka ce tsutsar ciki. Bayan nan wani ya ce olsa. 'Yan uwa kuwa kowa da nasa: wannan ya ce basir, wannan ya ce zahi ne ya taru, a jiƙa masa sabara. Ya sha jiƙo har haƙoransa suka canza launi. Ba zan ce ma'aikatan asibitin ba su yi ƙoƙari ba, akwai wata majiya, wato nas, da ke tsallake layi ta auna shi in ta ga ya kasa zama. Amma babu wanda ya taɓa tambayar abin da yake ci.

Da an tambaya da na faɗa da alfahari. Ai a wurinmu ba a ba mara lafiya tuwon hatsi, wato gero, an ce yana da nauyi. Abincin mara lafiya shi ne mai laushi, fari, na kanti. Safe shayi da madara da burodi. Rana makaroni da ɗan romo. Duk wanda ya zo dubiya kuma ba ya zuwa hannu biyu, burodi ne ko biskit a leda, duk da tsadar da suka yi a lokacin. Direbobin tasha, Allah ya saka musu, har karo-karo suke yi su aiko masa da fari masa mai zafi, sun san abin da ransa ke so.

Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune a wani ƙauye kusa da Sanam. Da labari ya kai mata ta aiko wansa, Yaya Mamman, ya ɗauke shi. Hanyar ba ta da daɗin bi a lokacin, na yi ta fargaba, amma suka isa lafiya. A can wani mai magani ya ba shi saiwa yana sha. Kafin wata ya cika Baban Nafi ya kira ni da murya irin ta da, ya ce zawo ya tsaya, har ya bi yara gona. Ya dawo gida da kumatu. Na yi murna, na yi masa girkin tarba: taliya da miyar kaza.

Cikin 'yan kwanaki ciwon ya dawo sabo.

Aka sake kai shi ƙauye, ya sake warkewa. Ya dawo, ya sake kwantawa. To ko ni ce a waje, me zan ce? Mutum yana warkewa a gidan uwarsa, yana zubewa a gidan matarsa. Matan da ke kawo mini ɗinki suka fara raguwa, waɗanda ke zuwa kuma in na miƙa musu ruwa sai su ce yanzu suka sha. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma ban da ciwon, wani abu ya riƙa cina a rai, ina so in san ta yaya. Ni dai na san ban zuba komai ba. To me ke cikin gidana da babu a gidan Inna? Na canza randa. Na daina sayen ruwan 'yan garuwa na koma famfo. Na wanke tukwane da toka. Har katifa na fitar rana na dudduba.

Yaya Mamman ya ce a tafi Yamai. Tumakina biyu suka bi mu zuwa kasuwar Baleyara, ba su dawo ba. A babban asibiti muka kwana biyu muna bin layi kafin mu ga likitan ciki. Aka ɗebi jini, aka zura masa wata igiya mai fitila ta baki, suna kiranta fibro. Ranar da za a faɗi sakamako aka ce mutum ɗaya zai shiga da shi. Yaya Mamman ne babba, ya shiga, ni na zauna a baranda da buta da tabarma.

Da suka fito na tare shi.

"Yaya, mi yac ce?"

"Ya yi ta Faransanci da Zabarmanci, wata yarinya tana maida muna. Wai hanjinai ba su son alkama. Shi bar cin alkama har abada."

"Alkama? Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ko magani bai rubuta ba, sai na ƙarin jini."

Muka kalli juna. Mu mutanen Kurfey, ƙasar Filingue, ina muka ga alkama? Hatsi muke nomawa, da wake, da ɗan dawa. Ni alkamar da na sani ita ce wadda ake kawowa daga arewa a yi alkaki da ita in za a kai amarya, kuma rabon Baban Nafi da alkaki tun bikinmu. Yaya Mamman ya ce likitocin birni ke nan, an cinye tumaki biyu don a hana mutum abin da ba ya ci. A hanyar dawowa muka tsaya Baleyara, na saya wa mara lafiya burodi sanda biyu don kada ya galabaita.

Mako biyu bayan nan, yana kwance kamar ba a je ko'ina ba, sai ga Inna ta sauka daga motar kasuwa. Ƙaramar tsohuwa ce, ba ta da yawan magana. Ta zo da buhun hatsi, da kuka, da daddawarta, da wata tukunyar ƙasa baƙa wadda ta girmi aurena. Ta amsa gaisuwata yadda ya kamata, ta tambayi Nafi da makaranta. Sannan ta kafa murhu a ɗaya gefen tsakar gida.

"Ɗiyata," ta ce, "ban ce kin yi komi ba. Allah na gani, ban ce ba. Amma ɗana ba shi ƙara cin abin da hannunki yat taɓa, ko ruwan shayi na. In ya miƙe, mu zamna da Mamman a san abin yi."

Na san abin da "a san abin yi" ke nufi. Shekara goma sha da aure, ga kayana ana auna musu hanyar gidanmu. Na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na ɗebo mata itace.

Ya kuwa miƙe. Fura da safe, tuwon hatsi da miyar kuka da dare, duk ledar dubiya Inna ta karɓe ta ba yaran maƙwabta, don ba ta yarda da abin da ya shigo ta hannuna ba. Ina zaune a bakin keken ɗinki ina kallon mijina yana murmurewa, kowace loma da ta zauna masa a ciki shaida ce a kaina. Ina murna, ina jin tsoro, duk a lokaci guda.

Da ranar komawa asibiti ta zo, Yaya Mamman yana can ƙauye, sai ni na raka shi, ni na shiga. Likitan dogo ne mai furfura a gemu, Hausarsa tana ɗingishi amma ana ganewa. Ya ji daɗin nauyin da ya gani a sikeli, ya tambaya ko an kiyaye.

Na ce, "Likita, ko ƙwara ɗaya ta alkama bai ci ba. Amma bayan mun koma sai da ya ƙara kwantawa, alhali shayi da burodi kawai nike ba shi, sai makaroni."

Ya ajiye alƙalami. Ya dafe goshi.

"Madam, burodi da me ake yi?"

"Da farin."

"Farin kuma da me?"

Farin, wanda wasu ke ce wa fulawa, abu ne da ke zuwa cikin buhu a kanti, kamar sukari, kamar siminti. Ban taɓa ganin gonarsa ba. Wallahi ni a zatona an sa masa suna farin ne don fari ne.

Bai yi mini dariya ba, na gode masa da wannan. Ya ce laifinsa ne da bai lissafa ba ranar farko, layi ya yi masa yawa. Ya ɗauko ɗan tawul ɗin da yake goge hannu ya nuna mini gashinsa. Ya ce cikin hanjin mutum haka yake, da wannan gashin yake tsotse abinci. A cikin alkama akwai wani danƙo, gulutan, shi ke sa ƙullin burodi ya yi ta miƙewa in an ja. Yawancin mutane ba ya musu komai. Masu irin jikin Baban Nafi kuwa, danƙon nan yana aske gashin tawul ɗin har ya zama sumul, abinci ya riƙa wucewa kamar ruwa a kan leda. In an daina, gashin yana tsirowa. Sai ya lissafa: burodi, makaroni, taliya, biskit, fari masa, har wasu dunƙulen miya na kanti, sai an duba. Ya ce ko cokalin da aka juya makaroni kada ya shiga tukunyarsa.

A mota ina ta jujjuya abin. Ashe Inna ta yi gaskiya, hannuna ne. A ƙauyensu babu mai gasa burodi, shi ne duk sirrin mai saiwa. Baban Nafi kuwa abu ɗaya ya ji cikin duk bayanin. Da muka iso Baleyara, ƙamshin suya ya shigo ta taga, ya juyar da kai yana kallon ɗaya gefen titi, ya ce a hankali, "Har abada fa yac ce." Ya fi ba ni tausayi a ranar fiye da ranar fibro.

Na kwashe komai na faɗa wa Inna, har da tawul. Ta saurara tana tsince wake.

"Burodin da duniya duka ka ci? Har liman na ci nai. Shi ɗai Allah ya ware?" Ta girgiza kai. "Likita ya samu abin hwaɗi dai. Ni abin da nig gani da idona shi nis sani."

Murhu biyu suka ci gaba da hayaƙi a gidan. Baban Nafi ya koma tuƙi da ƙullin fura a jaka, yana dawowa fuska a murtuke. Na san in ban samo masa madadin fari masa ba, wata rana zai faɗa wa ledar tasha, ya kwanta, a ce ni ce. Sai na fara gwaji da rana in Inna ta shiga maƙwabta. Na kai shinkafa injin niƙa bayan na tabbatar hatsi da masara kawai yake niƙawa. Na kwaɓa garin da yis kamar yadda ake yi wa farin. Ya ƙi miƙewa, ina sakawa a mai ya watse ya zama tsaki. Na haɗa da garin rogo, ya fito kamar dutse. Na gane abin da likita ke nufi da danƙo: shi ne ke riƙe ƙullin, kuma shi ne ba mu da shi.

Ƙanwata Dije, da ke aure a Yamai, ita ta turo mini wani bidiyo a waya. Wata baturiya ce ke soya wani abu dogo mai tsaga-tsaga, wai curos, kuma wai nata babu gulutan. Ban ji abin da take cewa ba, hannunta na bi. Ta tafasa ruwa da ɗan mai da gishiri, ta zuba gari a ciki yana kan wuta, ta kama juyawa da ƙarfi har ya haɗe ya saki tukunya. Na mayar da bidiyon baya na sake kallo, sai dariya ta kama ni ni kaɗai. Wannan ai tuƙin tuwo ne. Matar nan tuwo ta tuƙa, ta bari ya huce, ta fasa ƙwai a ciki, ta matso shi cikin mai. Wuta ce ke ba garin danƙon da ba shi da shi, abin da kowace 'yar Kurfey ta sani tun tana tsaye a kan turmi don ta kai bakin tukunya, ba mu dai taɓa tunanin soya shi ba.

Na tuƙa garin shinkafa kashi biyu da sitacin rogo kashi ɗaya. Na zuba a leda mai kauri, na yanke kusurwa, na matsa a mai. Ya riƙe jikinsa, ya fara ja, ina ta murna, sai ya fashe. Mai ya watso mini a dantse, tabon yana nan har yau. Don haka ina gargaɗin duk mai gwadawa: tsagar nan da ke jikinsa ba ado ba ce. In ya fito sumul, bayansa yana ƙanƙamewa tururi ya rasa hanyar fita. Na ɗauki waya na je wurin mai yin rariya da mazurari a kasuwa, na nuna masa bakin abin matsawar. Ya yanka gwangwanin tumatir ya naɗe shi, ya fitar masa da haƙora kamar tauraro, yana tambayata ko na shiga aikin gini ne.

Ranar da ya yi kyau, Inna ta dawo da wuri ta same ni a kai. Ta ga ɗaurin dantsena, ta ga faranti.

"Mi na na wanga?"

"Tuwon shinkahwa na, Inna, na soya."

Ta ɗauki ɗaya ta karya, ta shinshina, ta duba cikin. Ta ce in sake yi daga farko tana kallo. Na sake, ta duba kowane gari da yatsa, ta ɗanɗana har ruwan. Da na zo tuƙi ta kasa haƙuri ta ce wuta ta yi yawa, zai kama. Ta ci biyu, ta zauna jiran abin da zai same ta har la'asar. Da Baban Nafi ya dawo, ta tura masa farantin da kanta. Baturiyar sukari ta barbaɗa wa nata, shi ya ce a miƙo yaji. Ya ci har ya manta muna wurin. Wannan ne abu na farko daga hannuna da ya shiga bakinsa tun zuwan Inna, kuma na tsaya a bayan ƙofa ina ƙirga lomarsa ina addu'a.

Kwana ya wuce, mako ya wuce, yana ci kullum, har da guzurin hanya, babu abin da ya same shi. Na zaci magana ta ƙare. Inna ta ce ai wani abin ba ya nunawa da wuri.

Ashe ita ma tana da nata gwajin. Wata safiya na tafi kai ɗinkin biki, ta aiki a sayo burodi, ta haɗa shayi, ta ajiye a gaban ɗanta. Ta ce masa in maganar likita gaskiya ce su gani, ita dai ta san abin da ya fito daga hannun uwa ba ya cutar ɗa. Shi kuma, da kunyar uwa da kwaɗayin wata biyar, ya cinye sanda guda. Kada kowa ya yi irin wannan gwajin, likita ya yi faɗa sosai da ya ji.

Kafin azahar ciki ya ɗauka. Na dawo na same shi a dunƙule a kan tabarma yana zufa, Inna tana tsugune da buta a hannu, tana kai shi bayan gida tana dawo da shi. Kwana uku yana haka, ƙurajen gwiwar hannu suka dawo. Na yi zaton in ranar nan ta zo zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. Tsohuwar ta ƙi cin abinci, tana zaune a gefensa tana kallon tafin hannunta, irin kallon da na yi wa nawa wata da watanni, na san nauyinsa.

A rana ta huɗu ya nemi abin da zai ci. Inna ta tashi za ta hura wuta, ta tsaya, ta juyo.

"Ɗiyata, tashi ki dama mai kunu."

Ta ƙara mako guda har ya koma bakin aiki. Ba ta ba ni haƙuri da baki ba, ni ma ban jira ba. Amma duk matar da ta shigo gidan, sai Inna ta ce in kawo mata ruwa, ta karɓa daga hannuna ta fara kurɓa kafin ta miƙa wa baƙuwar. Cikin 'yan kwanaki masu ɗinki suka dawo.

Yanzu shekara ta zagayo har da ɗori, Baban Nafi ya cika wandonsa. Ƙorafina ɗaya, har gobe masu dubiya burodi suke kai wa marasa lafiya, kuma in na ce a tambayi mai zawon da ya ƙi jin magani abin da yake ci, sai a ce na zama likita. Ba kowane ciwon ciki ne wannan ba, a je a auna. In kuma an ce muku alkama, ku tambaya a lissafa muku da sunayen da kuka sani.

Ranar da Inna za ta koma, na ɗaure mata kaya, na wanke baƙar tukunyarta na kawo bakin mota. Ta karɓa, ta juya ta, ta mayar mini.

"Wagga ba ta taɓa ganin makaroni ba tun da anka gina ta. Ki riƙa tuƙa mai ciki." Ta hau mota ta gyara zama, sannan ta leƙo ta taga. "Gwangwanin nan mai haƙora, in Mamman za shi taho, ki sa a yi man guda."